Gidan gilashi da maƙwabcin da ke son ɗora bene: muhawara kan gidajen Eichler a Palo Alto

Dakta Aminu, Palo Alto:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini da waɗanda suka san haƙƙin maƙwabtaka, domin wata magana ta taso a unguwarmu, kuma an nemi ra'ayina kafin ƙarshen wata. Shekara biyu ke nan ni da iyalina muna haya a kudancin Palo Alto, a jihar Kalifoniya, a ɗaya daga cikin gidajen da ake kira Eichler, da sunan wanda ya gina su, Joseph Eichler. Shi ba mai zanen gini ba ne. Ya yi shekaru yana aiki a kamfanin sarin ƙwai da man shanu na surukansa, sai a 1943 ya kama hayar wani gida da shahararren mai zanen gini Frank Lloyd Wright ya zana a garin Hillsborough, zaman gidan ya kwanta masa a rai, har ya ƙudurta cewa irin wannan gini bai kamata ya zama na attajirai kaɗai ba. Daga 1949 zuwa tsakiyar shekarun 1960 kamfaninsa ya gina gidaje kusan 11,000, mafi yawansu a kewayen San Faransisko, wajen 2,700 daga ciki kuma a nan Palo Alto.

Wanda ya biyo ta layinmu ba zai ga abin mamaki ba sai itatuwa, waɗanda suka girma har rassansu suka haɗe a saman kwalta. Gidajen gajeru ne, hawa ɗaya, rufinsu a shimfiɗe, kuma fuskar da suka ba titi kusan a rufe take: ƙofar gareji, bangon katako, sai ƙofar shiga guda ɗaya. Idan aka buɗe ƙofar nan ba ɗaki ake faɗawa ba, wani ɗan fili ne marar rufi a tsakiyar gidan, wanda bangayen gilashi suka kewaye. Bangon baya kuwa gilashi ne tun daga daɓe har rufi, yana kallon lambu, lambun kuma shingen katako ne ya raba shi da na maƙwabci. Ranar da muka tare, maiɗakina ta tsaya a filin nan ta ce ai wannan tsakar gida ce aka kawo mana Amurka. Ba mu taɓa rataya labule a bangon baya ba, domin babu mai ganinmu sai tsuntsaye.

To, an sayar da gidan da ke bayanmu, kuma sabon mai shi yana son ya ɗora bene. Tsofaffin mazauna sun fara tara sa hannu domin majalisar birni ta sanya unguwar cikin waɗanda aka hana gini fiye da hawa ɗaya, abin da ke buƙatar amincewar kashi 70 cikin 100 na masu gidaje. Ni ɗan haya ne, ba ni da ƙuri'a, amma mai gidanmu, wadda ke zaune a wata jiha, ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta ji ta bakina, tunda ni ne abin zai shafa. In ce ta sa hannu a hana mutum yin abin da yake so da dukiyarsa, ko in yi shiru a riƙa kallon iyalina daga sama?

Injiniya Lawal, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Dakta. Kafin a zo ga hukunci, ya kamata a san abin da kalmar "ɗora bene" take nufi a irin wannan gida, domin ba kamar namu ba ne inda ake barin rodi a tsaye a jira kuɗi su samu. Gidan Eichler yana tsaye ne a kan ginshiƙan katako da azarori masu kauri da aka gitta a kansu, bangayen tsakani ba su ɗauke da nauyin rufi, shi ya sa aka iya mai da su gilashi. A saman azarorin an jera alluna masu shiga cikin juna, kuma allunan nan su ne silin idan ka ɗaga kai, su ne kuma rufi idan ka hau sama, sai dai kwalta da tsakuwa da aka shimfiɗa a kai. Babu rami tsakanin silin da rufi, babu kuma ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Daɓen siminti ne guda ɗaya a shimfiɗe, a cikinsa aka binne bututun ruwan zafi da ke ɗumama gidan lokacin sanyi.

Wannan tsari yana da kyau a ido, amma ba a yi shi domin ɗaukar wani hawa ba, balle a yankin da tsagar ƙasa ta San Andreas, mai haddasa girgiza, ke kusa, inda dokar gini ke tsananta maganar girgizar ƙasa. Duk wanda ya ce zai ɗora bene, ko dai ya fasa daɓen ya zuba sabon harsashi, ya lalata bututun da ke ciki, ko kuma ya rushe gidan gaba ɗaya ya tayar da wani. Saboda haka ka fara binciko wanne maƙwabcinka yake nufi.

Ba kuma zan ɓoye aibun gidajen ba, tunda masu son su ba su cika ambata ba. Gilashin asali falle ɗaya ne, ba ya riƙe ɗumi, kuma idan ya fashe yana yanka. Katakon Filifin da aka lulluɓe bangayen ciki da shi siriri ne, wuta na cin sa da sauri. Gidajen da aka sa wa bututun ƙarfe maimakon na jan ƙarfe a shekarun 1950 sun sha fama da tsatsa, kuma ɗigar bututun da ke cikin siminti ba ta da magani sai da guduma. Wanda ya ce ya gaji da lallaɓa gida mai shekara 70 ba lallai ne ya zama marar ɗanɗano ba.

Nafi'u, San Jose:

Yaya Aminu, ka yi mini afuwa, ni ina ganin kada ka goyi bayan takardar nan, kuma dalilina yana cikin tarihin shi kansa Eichler. Lokacin da ya gina gidajen Palo Alto a shekarun 1950, ana sayar da da yawa daga cikinsu ƙasa da dala 20,000, malaman makaranta da ƙananan injiniyoyi ne ke saye. Yau irin gidan da kake ciki ya haura dala miliyan biyu, da yawa ma sun wuce uku, kuma ni da nake aikin kwamfuta da albashin da a gida za a ce na yi arziki, ko mafarkin mallakarsa ba na yi. Mutumin nan ya yi suna ne da buɗe ƙofa. A zamanin da mafi yawan masu gina unguwanni ba sa sayar wa baƙar fata ko ɗan Asiya gida, shi ya sayar wa duk wanda ya zo da kuɗinsa, ya ce wa fararen da suka yi ƙorafi a shirye yake ya sake sayen gidajensu, kuma a 1958 ya fice daga ƙungiyar masu gina gidaje ta ƙasa saboda ta ƙi goyon bayan daina wariya. Wannan ya faru shekara goma kafin dokar tarayya ta 1968 da ta haramta wariya a sayar da gidaje.

Yanzu kuma da sunansa ake son a ce unguwa ta daskare yadda take. Da yawa daga masu sayen gidajen nan a yau suna zaune da iyayensu tsofaffi, kamar yadda mu ma za mu yi da mun samu hali, kuma ɗakuna uku ko huɗu ƙanana ba sa isar su. A ce wa irin wannan mutum ba zai ƙara ɗaki a sama ba domin maƙwabci ba ya son sayen labule, ni dai ban ga adalci a ciki ba.

Hajiya Rakiya, Zariya:

Nafi'u ƙanena, abin da ka faɗa game da Eichler gaskiya ne, amma maganar labule ta nuna cewa gida ɗaya kake kallo, alhali waɗanda suka zana su unguwa suka zana. Ina koyar da ɗalibai zanen gine-gine, kuma misalin da nake yawan kawo musu shi ne Greenmeadow, a nan kudancin Palo Alto, wadda aka fara a 1954 da gidaje kusan 270, zanen A. Quincy Jones da Frederick Emmons. An lanƙwasa titunan domin mota ta rage gudu, aka ware fili a tsakiya aka yi wurin ninkaya da wurin wasan yara na kowa da kowa, wanda Thomas Church ya tsara lambunsa. Kowane gida an ajiye shi ne yadda gilashinsa zai kalli lambunsa, shi kuma bangonsa rufaffe ya juya wa na kusa da shi. Dabarar duka ta rataya ne a kan abu guda: idon kowa yana ƙasa da tsayin shinge. Muddin wannan sharaɗi yana nan, ƙaramin fili yana zama kamar babba, domin mai zaune a falo yana ganin lambunsa, sama da shinge yana ganin itatuwan maƙwabta, sama da su yana ganin sararin samaniya. Ranar da mutum ɗaya ya hau sama, gidaje huɗu ko biyar da ke kewaye da shi sun rasa abin da aka gina su dominsa, kuma gidan gilashi da aka rufe da labule dare da rana ya koma akwati mai duhu, tunda ta gefen titi ma ba shi da tagogin kirki. Ba don kyan gida guda aka sanya Greenmeadow da Green Gables cikin kundin wuraren tarihi na Amurka a 2005 ba, unguwannin aka sanya sukutum.

Sai dai, Dakta, ka gaishe mini da uwargida, ka ce mata na yarda da rabin maganarta. Filin nan na tsakiya, wanda ya yawaita a gidajen Eichler daga ƙarshen shekarun 1950, ya yi kama da tsakar gida a ido, amma aikinsu ya saɓa. A wurinmu zaure yana tsayar da baƙo, tsakar gida kuma wurin aiki ce, nan ake daka, nan ake girki da shanya, kuma baƙo namiji ba ya ganinta sai da izini. A gidan Eichler baƙo yana taka filin da zarar an buɗe masa ƙofa, kuma daga nan idonsa yana ratsa gilashi ya wuce falo har lambun baya. Suturar gidan daga titi ce kawai da kuma shinge, a ciki babu wani mataki na biyu. Wannan ne ma ya sa bene a maƙwabta ya fi yi masa illa fiye da yadda zai yi wa gidan Bahaushe, wanda ko an hango tsakar gidansa, ɗakunansa na nan a rufe.

Malam Habibu, Kano:

Na karanta bayanan kowa, kuma na ƙaru ƙwarai. Dokar Amurka ce za ta yi hukunci a can, amma tunda Dakta ya tambayi abin da ya dace ya goyi baya, zan faɗi yadda malamanmu na Malikiyya suka kalli wannan mas'ala, domin ba sabuwa ba ce. Asalinta shi ne hadisin da ya hana cuta da cutarwa. A kansa malamai suka rarrabe abubuwa biyu da nake ganin an cakuɗa su a unguwarku. Na farko shi ne ɗaga gini. Mashhurin zance a mazhaba shi ne ba a hana mutum ɗaga gininsa a cikin mallakarsa, ko da ya rage wa maƙwabci rana ko iska, matuƙar ba da nufin cutarwa ya yi ba. Na biyu shi ne buɗe taga ko ƙofa da za ta leƙa cikin gidan maƙwabci, wannan kuwa ana hana shi, kuma idan an riga an buɗe sai a toshe.

Akwai ma gwajin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, game da wani da ya gina ɗaki a sama ya buɗe tagogi ta ɓangaren maƙwabcinsa. Aka ce a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya a kai, idan yana ganin abin da ke cikin gidan maƙwabci a hana, idan ba ya gani a bar shi. Ibnur Rami, wani gwanin magini da alƙalan Tunis suke tura wa irin waɗannan shari'o'i a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukunce masu yawa a kan haka. Saboda haka ni a ganina Nafi'u yana da gaskiya a kan benen, Hajiya kuma tana da gaskiya a kan idon. Abin da Dakta yake da haƙƙin nema shi ne kada a gan shi, ba kada a yi gini ba.

Dakta Aminu, Palo Alto:

Allah ya gafarta Malam, wannan rarrabewa ta buɗe mini ido, kuma abin sha'awa shi ne birnin yana da wani abu makamancinta. Duk mai son gina hawa na biyu a unguwannin gidaje sai an duba zanensa daban, a sanar da maƙwabta, kuma ana iya tilasta masa ya ɗaga tagogin da ke kallon gidan wani, ko ya sa musu gilashi mai hazo, ko ya dasa itatuwan da za su yi kariya. A 2018 ma majalisar birni ta amince da wasu ƙa'idojin zane na unguwannin Eichler, sai dai shawara ce, ba tilas ba. Ƙorafin tsofaffin unguwa shi ne itace yana mutuwa, gilashi kuma ana sauya shi bayan jami'i ya tafi, kuma babu mai son ya zama shi ne zai kai ƙarar maƙwabcinsa.

Hajiya Rakiya, Zariya:

Malam, ina da tambaya a kan sashen farko na hukuncin, ba don jayayya ba. Gidajen Tunis da na cikin birnin Kano masu kaurin bango ne, an gina su ne domin guje wa rana, saboda haka wanda aka tare wa rana bai yi babbar asara ba, wataƙila ma ya samu inuwa. Gidan Eichler akasin haka ne. Yanayin Palo Alto mai sauƙi ne, damina da sanyi suna zuwa tare, kuma hasken ranar da ke shiga ta gilashi lokacin hunturu yana cikin abin da ke ɗumama gidan. Idan dogon bango ya tsaya ta kudu, an rage wa mutum ɗumi da haske, wanda ya sa farantan sola a rufinsa kuma an rage masa wuta. Shin wannan bai kai cutar da za a duba ba?

Malam Habibu, Kano:

Tambaya ce mai kyau, Hajiya. Akwai daga malaman mazhaba waɗanda suka hana tare rana da iska idan cutar ta bayyana, kuma sun yi magana a kan masussukar da aka tare wa iska har ta daina amfani. Gwargwadon cuta kuwa masana gini na wurin ne ke ƙiyasta shi, kamar yadda alƙali yake aika magini ya duba. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne a hana unguwa baki ɗaya saboda cutar da ake iya aunawa gida gida.

Injiniya Lawal, Kaduna:

Ina so in koma kan hujjar Nafi'u, domin akwai wurin da ba ta tsaya ba. Bene a gidan Eichler ba ya ƙara wa Palo Alto ko iyali ɗaya. Iyalin da ke ciki su ne dai a ciki, sai dai gidan ya ƙara girma ya ƙara tsada, ya ƙara nisa daga hannun irinka. Idan ƙarancin gidaje ne damuwar, abin da ke ƙara yawan mazauna shi ne ƙaramin gida na biyu a cikin fili ɗaya, wanda jihar Kalifoniya ta sassauta dokarsa tun daga 2017, da kuma dokar 2021 da ta ba da damar raba fili gida biyu a unguwannin da a da gida ɗaya kawai aka yarda, ban da waɗanda aka ayyana na tarihi. Ƙaramin gida mai hawa ɗaya a gefen lambu, ko gareji da aka mayar ɗaki da bayi, yana ɗaukar tsofaffin iyayen da ka ambata, kuma ya fi musu sauƙi da hawa matakala da ciwon gwiwa.

Nafi'u, San Jose:

Na karɓi gyara, Injiniya, bene ba ya ƙara iyali. Amma gidan bayan da kake magana a kai lambu yake ci, kuma lambun nan da itatuwansa su ne Hajiya ta ce gidan yana kallo. A Palo Alto, birnin da aka raɗa wa suna da wani dogon itace, wanda kuma dokarsa ke kare manyan itatuwa daga sara, ba kowane fili ne zai samu gurbin sabon gini ba tare da an taɓa saiwa ba. Ko ta sama ko ta ƙasa, sai an taɓa wani abu daga zanen 1954. Ni dai ina tsoron dokar da ke da sauƙin shiga da wuyar fita, wadda mutanen da suka sayi gida da arha shekaru 40 da suka wuce za su ɗaure wa waɗanda ba su zo ba tukuna.

Dakta Aminu, Palo Alto:

Na gode wa kowa. Jiya da yamma na yi sallama da sabon maƙwabcin, na tarar da mutum mai sauƙin kai, kuma kamar yadda Nafi'u ya zata, mahaifiyarsa ce za ta dawo wurinsa. Injiniya ma ya canka, rushewa zai yi ya gina sabo. Na ba shi labarin gwajin gado, ya yi dariya, ya ɗauko tsani da kansa ya jingina a rufin gidan. Da na hau na tsaya a inda tagar sama za ta kasance, na ga falonmu gaba ɗaya, na ga teburin cin abinci, na ga har dardumar da aka bari a shimfiɗe a ɗakin barci. Shi ma ya hau ya gani, ya sauko bai ce komai ba na ɗan lokaci. Na rubuta wa mai gidanmu cewa ta dakata da sa hannu tukuna. Maƙwabcin ya ce ranar Asabar zai kawo zanen mu duba tare da mai zana masa. Injiniya, ni likita ne, ban iya karanta zanen gini ba, me zan fara dubawa?

Injiniya Lawal, Kaduna:

Kada ka ɓata lokaci a kan shafin da ke nuna ɗakuna daga sama. Ka nemi shafin da ke nuna bayan gidan a tsaye, ka duba tsayin gindin kowace tagar sama daga daɓen ɗakin da take ciki, domin wadda gindinta bai wuce tsayin idon mutum a tsaye ba tana ganinka, ko da an ce gilashinta mai hazo ne, matuƙar ana iya buɗe ta. Ka duba ko akwai baranda ko matakala mai taga ta ɓangarenku. Sannan ka tambayi nisan bangon sama daga shingenku, ka roƙi mai zanen ya nuna maka inda inuwar ginin za ta faɗa da tsakar rana a ƙarshen Disamba, lokacin da rana ta fi yin ƙasa. Idan ya yarda ya ja hawan saman zuwa gefen titi ya bar bayan gidan hawa ɗaya, ka nemi a rubuta hakan a cikin zanen da za a miƙa wa birni, ba a baki kawai ba. Ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini kafin ku tashi.